Turbo ba ya mutuwa haka kawai, mu ke kashe shi

1/ Na gaji da jin "kar ka sayi mota mai turbo, wahala ce." Wallahi ban yarda ba. Ku matso.

2/ Hayaƙin inji ne ke juya fanka ɗaya, ita kuma ta juya ta biyu mai cusa wa inji iska. Sandar da ta haɗa su tana juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Baƙin mai ne ke hana ta ƙonewa.

3/ Kai kuma man jarka kake zubawa, lokacin juye ya wuce ka share, filta ta cika da ƙurar hunturu. Me kake jira?

4/ Ka sharo gudu daga Kaduna, kana tsayawa ka kashe mota. Man da ya rage ciki ya dahu, ya toshe bututu. Barinta ta yi minti biyu a kunne ya gagare ka?

5/ Sai shuɗin hayaƙi da fito, mota ta daina ja. Makanike ya ɗaura maka ɗan Beljiyam, bai wanke bututun mai ba. Shi ma zai bi na farko.

6/ Kafin ka biya kuɗin wani, tambaye shi: me ya kashe wancan? In ya fara kame-kame, ɗauke motarka.