RA'AYINMU: Ƙuri'ar Masu Kwana a Mararraba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Keffi zuwa Abuja da asubahin fari ya san irin cincirindon da ake yi a Masaka da Ado da Mararraba. Dubban ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori ke tururuwa zuwa Babban Birnin Tarayya, su yini can, kana su komo Jihar Nasarawa su kwana. Tun da aka dawo da gwamnati Abuja a 1991 kuɗin haya ke koro su zuwa nan, rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007 kuma ya daɗa yawansu. Bayan waɗannan garuruwa kuwa ƙauyuka ne na manoma, Gbagyi da Gwandara da Gade da sauransu, har zuwa Garaku. Su duka mazaɓa ɗaya ta haɗa su a Majalisar Wakilai, watau Karu da Keffi da Kokona.

'Yan'uwa ɗalibai, abin da ya auku a wannan yanki ran 25 ga Fabrairu, 2023, ya cancanci mu zauna mu yi masa karatun ta-natsu. A zaɓen shugaban ƙasa Peter Obi na jam'iyyar Leba ne ya lashe Jihar Nasarawa, Karu kuwa tana cikin wuraren da ya fi kwasar ƙuri'u. Wannan fa jihar Abdullahi Adamu ce, mutumin Keffi, wanda shi ne shugaban APC na ƙasa a lokacin. Nan da nan masu sharhi suka yanke hukunci: addini ne da ƙabilanci, baƙi ne suka rinjayi 'yan ƙasa.

Ba mu musun cewa addini ya yi tasiri, musamman da yake APC ta tsai da Musulmi biyu a tikiti ɗaya. Amma lalle bayanin bai cika ba. A wannan rana dai, a rumfunan nan dai, Jonathan Gaza Gbefwi ya ci kujerar wakili, Ahmed Wadada kuma ya ci ta sanatan Nasarawa ta Yamma, kujerar da Adamu ya bari a 2022. Ɗaya Kirista, ɗaya Musulmi, dukansu ƙarƙashin SDP, jam'iyyar da ɗan takararta na shugaban ƙasa ko kusa bai kai labari ba. Mutumin da aka miƙa wa takardu uku ya dangwala wa jam'iyyu daban-daban, ai ba a ce masa ɗan amshin shata ba.

A ganinmu, abin da ya raunana shi ne tsohuwar al'adar nan ta kai wa hakimi ko wani uban ƙasa gaisuwa, shi kuma ya yi alkawarin ƙuri'un talakawansa. Ma'aikacin da ke barin gida kafin sallar asuba, ya dawo bayan isha'i, bai san ƙofar mai unguwa ba, mai unguwa ma bai san shi ba. Ba buhun taki ke gabansa ba. Kuɗin mota ne, da ruwan 'yan garuwa, da sa'o'in da yake ɓatawa a cunkoson Nyanya.

Sai dai akwai wanda muke ji wa tsoro, shi ne manomin Panda ko Gitata. Yawan masu rajista ya koma bakin titi, ɗan siyasa kuwa inda yawa yake nan yake shimfiɗa tabarmarsa. Gonakin da ke kusa da hanya an yanka su filaye an sayar, na nesa kuwa har yanzu damina kan yanke su da kasuwa. Wakili guda ne aka ɗora wa nauyin wannan manomi da wancan ma'aikaci, alhali ko lokacin tashinsu daga barci ne kaɗai ya zo ɗaya.