Kafin Ɗiyarki Ta Shiga Filin Ƙwallo

Iyayena mata na kasuwar Tibiri, yau da ku nake. Da yawanku kuna hana 'ya'yanku mata buga ƙwallo don gudun rauni, kuma tsoronku yana da dalili. Likitoci sun tabbatar jijiyar cikin gwiwa ta fi saurin tsinkewa ga 'yan mata bisa ga samari, musamman wajen dira bayan tsalle. In ta tsinke, ba aikin mai ɗori ba ne, sai babban asibiti. Ga kuɗin mota, ga na magani, ga rumfa a rufe. Jari ya tafi ke nan.

Amma hanawa ba ita ce mafita ba. Tun 2006 hukumar FIFA ta fito da tsarin motsa jiki mai suna 11+, na minti 20 kafin atisaye: sassarfa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira da gwiwa a lanƙwashe. Binciken da aka wallafa a 2008 kan 'yan mata kusan 1,900 a ƙasar Norwe ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ko dala ba a biya, mai horarwa ne kawai zai dage da shi aƙalla sau biyu a mako.

Don haka uwa, yadda ba kya sayen atamfa sai kin warware ta, ki taka har filin ki tambayi mai horarwa ko yana yi musu wannan. Ita kuma hukumar FENIFOOT ta turo masu koyar da malamanmu har Tibiri. Rigakafi dai ya fi magani.