Sunan da ke Rubuce a Hannun Tsohon Soja

A watan Disamba na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin ƙa'idojin aikin soja, waɗanda suka shafi sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Da labarin ya fito a jaridu cikin Janairun 2025, hankalin jama'a ya tafi ga wasu hane-hanen dabam. Amma a cikin jerin akwai guda ɗaya da ya taɓa mu a nan ƙasar Yauri fiye da yadda muka zata: an hana jami'in soja huda jiki, an kuma hana shi yin zane a kowane sashe na jikinsa, wato abin da samari ke kira tatu. Dama tun kafin haka, sanarwar ɗaukar kuratan soja ta saba faɗin cewa ba a karɓar mai zane ko rubutu a jiki.

Ba da jimawa ba maganar ta shigo majami'a. A wata ikilisiyarmu ta bakin ruwa an gabatar da sunan wani tsohon soja domin ya shiga cikin dattawa. Mutum ne mai natsuwa, ba a taɓa jin sa da rigima ba. Sai wani ɗan'uwa ya ɗaga hannu a taron kwamiti ya ce ya ga rubutu a damtsen mutumin ranar da ake gyaran rufin majami'a. Ya ce Littafi Mai Tsarki ya hana, ga shi yanzu gwamnati ma ta hana, to yaya mai irin wannan zai raba Jibin Ubangiji? Ba da mugunta ya yi tambayar ba, kuma mun san ba shi kaɗai yake da ita a zuciya ba.

Ƙasarmu ba baƙuwar kakin soja ba ce. Maƙwabtanmu na Zuru sun yi suna a aikin tun zamanin Turawa, daga cikinsu aka sami Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, kuma samarin Yelwa da Wara da Shanga sun bi sawu. Kakanni sun ba da labarin 'yan Boma, waɗanda aka kai Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu. Bayansu aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sai Laberiya daga 1990, sai Saliyo, sai arewa maso gabas. Yanzu kuwa yaƙin ya biyo mu gida. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma sai a 2023 aka sako na ƙarshe cikin 'yan matan. A Maris 2022 an kashe sojoji a Kanya cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar Katolika ta Papiri da ke hayin ruwa, a ƙasar Agwara ta Jihar Neja. Sojan da ke tsaye a shingen hanya yau, shi ne tsohon sojan da zai zauna a bencinmu nan da shekara ashirin, idan Ubangiji ya bar shi da rai.

Me ke rubuce a hannuwan nan? Wanda ya matsa kusa zai ga yawanci ba zaki ba ne, ba kan maciji ba ne irin na mawaƙan talabijin. Haruffa ne da suka kode, wasu a karkace, domin abokin aiki ne ya yi su da allura da tawada. Sau da yawa sunan mutumin ne da sunan garinsu, ko lambarsa ta soja. Dalilin ba boyayye ba ne. Kati yakan ɓace, kaki yakan ƙone, amma fata tana tare da mai ita. Saurayin da ya ga an binne abokansa a rami ɗaya ba tare da an san wane ne wane ba, abin da yake tsoro ya wuce mutuwa: yana tsoron kada mahaifiyarsa ta shekara goma tana leƙen hanya. Mu mutanen bakin Tafkin Kainji bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Lokacin da jirgin ruwa ya kife kusa da Wara a watan Mayu na 2021, iyalai sun kwana a gaɓa suna jiran a tsamo nasu. Duk masunci ya san gawar da ta kwana biyu a ruwa ba a gane ta da fuska, sai da tsaga ko tabo ko wata alama.

Wasu kuma sunan wani ne dabam, wanda bai dawo ba. Wasu ƙaramin gicciye ne.

To, ayar da ɗan'uwanmu ya kawo fa? Littafin Firistoci 19:28 ne, kuma ba za mu yi kamar ba ta nan ba. Ta hana Isra'ilawa tsaga jikinsu saboda matattu, ta kuma hana su yin zane a jiki. Sai dai mu karanta ta tare da 'yan'uwanta. Aya ta 27 ta yi magana a kan yadda ake aske gefen kai da gyaran gemu, Maimaitawar Shari'a 14:1 kuma ta haɗa tsaga jiki da aske goshi domin mamaci. Duka al'adun makoki da tsafi ne na al'umman da suka kewaye Isra'ila, irin abin da annabawan Ba'al suka yi a Dutsen Karmel sa'ad da suka yi ta yankan jikinsu don gunkinsu ya ji su. Abin da Allah yake tsarewa shi ne kada jama'arsa su sa wa jikinsu hatimin wani ubangiji.

Mai hankali zai ce, ai wanda ya rubuta sunan abokinsa da ya mutu, saboda matacce ya yi. Wannan ita ce gaɓa mai wuya, kuma masu bi na gaskiya sun bambanta a kanta. Ra'ayinmu shi ne akwai tazara tsakanin neman yardar mamaci da tunawa da shi. Dawuda ya yi wa Saul da Yonatan waƙar makoki bayan sun faɗi a yaƙi, har ya umarta a koya wa mutanen Yahuza, ba kuwa wanda ya kira wannan tsafi. Ba mu ce kowa ya je ya zana jikinsa ba. Mun ce ba mu ga hujjar da za a hana mutum hidima saboda haruffan da aka yi masa yana ɗan shekara ashirin a bakin mutuwa ba.

Mu kuma dubi fuskokinmu. Kambari da Gungawa da Dukawa da Shangawa da Hausawa, nawa ne cikin dattawanmu ba su da tsagar gado? Iyayenmu mata nawa ne a zumuntar mata suke da jarfar da wanzami ya yi musu tun suna 'yan mata? Ba mu taɓa hana ɗayansu baftisma ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko zane, al'adar kuma tana ja da baya, amma ba wanda ya ce tsohuwar da ke da bille ta zama mai laifi.

Akwai dai alamar da ta cancanci damuwar makiyayi, kuma abin mamaki ita ce ba a cika gani ba. Ita ce tsagar magani, wadda boka ke yi a ƙirji ko a gadon baya ya shafa gari da sunan harsashi ba zai shiga ba, ko alamar rantsuwar ƙungiyar asiri. Wannan ita ta fi kusa da abin da Firistoci ya hana, domin dogara ce ga wani iko ban da Allah. Tana ƙarƙashin riga, mai ita yana iya zama a layin gaba shekara da shekaru. Maganinta tuba ne da addu'a, ba ƙuna da wuta ba. Ba kuwa za a kai ga jin labarinta ba idan tun farko an kunyata mutum saboda sunan garinsu da ke hannunsa.

Ikilisiyar farko ta san hatimin soja. A daular Rum akan sa wa soja alama a jiki, kuma Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ɗauki wannan ya koyar da baftisma. Ya ce sojan da ya gudu ya dawo ba a sake sa masa alama, ana gane tsohuwar ne a karɓe shi. Manzo Bulus ma a ƙarshen wasiƙarsa ga Galatiyawa ya nuna tabban dukan da ya sha a matsayin shaidar wanda ya mallake shi. Har yau Kiristocin Kibɗawa na Masar suna sa ƙaramin gicciye a wuyan hannu, a ƙasar da wannan alamar kan jawo wa mutum tsangwama.

Ga samarinmu kuwa maganar dabam ce, kuma gajeriya. Idan kana da niyyar zuwa Defot na Zariya, kada ka yi. Likita zai sa ka tuɓe, kuma zanen da ka biya kuɗi kaɗan aka yi maka a kasuwa zai mayar da kai gida. Kada kuma ka ce za ka goge shi da ruwan batir ko ƙarfe mai zafi, tabon zai fi zanen tona maka asiri. Gaskiya ne Amurka ta sassauta dokarta a 2022, ta yarda da ƙaramin zane a hannu da bayan wuya domin tana neman kurata, amma rundunarmu tana fama da ƙungiyoyin asiri da ke gane junansu da alamun jiki, kuma tana da dalilinta. Wanda ke cikin kaki ya yi rantsuwar biyayya, sai ya kiyaye ta.

Sai dai dokar ta bar wani giɓi da ba gwamnati ce za ta cike shi ba. Sojan da ya rasa abokinsa a dajin nan bara ba shi da izinin rubuta sunansa a hannu, to ina zai ajiye shi? Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja domin tunawa da 'yan mazan jiya, alhali tsofaffin sojoji sun sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙinsu. Furannin ba sa isowa Ngaski. Abin da ke hannunmu shi ne littafin ikilisiya da bagadi. Muna iya tattara sunayen 'ya'yanmu da suka faɗi, da na abokansu ko da ba masu bi ba ne, mu karanta su a sujadar Lahadin da ke kusa da wannan rana, mu kuma san ƙofar gwaurayen da suka baro bariki da yara.

A wancan kwamitin, wani dattijo ya ba da shawara a dakatar da muhawara, mutum biyu su je gidan tsohon sojan. Zuwan farko bai ce komai ba, ya dai ba su ruwa, aka yi hirar kifi da tsadar taki. A zuwa na biyu ɗayansu ya ce, “Baba, wane ne wannan da ke hannunka?” Ya daɗe shiru, sannan ya naɗe hannun riga. Ya ce wani yaro ne Musulmi daga wajen Shanga, tare aka kai su Laberiya, shi ya goya shi a baya lokacin da harsashi ya same shi a cinya, bayan mako biyu kuma aka kashe yaron. Ya ce tun da ya dawo, matarsa kaɗai ta taɓa tambayarsa. An tabbatar da shi dattijo a taron da ya biyo baya, sakatare kuma ya rubuta sunan yaron a jerin da za a karanta cikin Janairu.