Wai Ina Kuka Kai Kulocin? Tsokaci Ga 'Yan Fim Da Marubuta

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samari da 'yan matanmu, wai koyon tuƙin mota mai giya wahalar banza ce, tsohon yayi ne, aikin direbobin tasha ne. In ka ce wa yaro ya fara da Golf ko tsohuwar Pijo, sai ya dube ka a ɗage kamar ka ce ya koma hawan jaki. Shi dai a ba shi otomatik, ya sa a D, ya taka, ya wuce. To ni yau ba da yaran zan yi ba, domin yaro abin da ya gani shi yake kwaikwaya. Da ku zan yi, 'yan fim da marubutan littattafai, domin ku kuka fi kowa raina wannan sana'a a idon jama'a, kuma akasarinku kun raina ta ne ba tare da kun san ta ba.

Mai karatu, don Allah ka tuna finafinan da ka kalla tun zamanin kaset har zuwa masu dogon zango na YouTube. Sau nawa ka ga jarumi a cikin mota yana kaɗa sitiyari dama da hagu kamar mai tankaɗen gari, alhali titin a miƙe yake sak? Sau nawa ka ga ya juya gaba ɗaya yana kallon budurwa, yana rera mata baiti, har a gama amshi bai dubi gabansa ba? Wanda ya fi ba ni haushi shi ne inda za a nuno motar mai giya ce ƙiri-ƙiri, ga sandar giyar nan ana gani, amma hannun daman jarumi yana riƙe da waya tun daga tashi har isa. Mu a Nijeriya tun da aka yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu, 1972, direba a hagu yake zama, da hannun dama yake sa giya. To wa ke canza masa? Aljani? Sannan a wajen tace hoto a ɗauko ƙarar motar tsere a liƙa wa motar da ko arba'in ba ta yi. Darakta ya gani, furodusa ya gani, mai kula da kontiniti ya gani, babu wanda abin ya dama.

A littattafai abin ya ma fi muni. Mota a wurin marubutanmu kayan ado ce kawai, kamar leshi da sarƙar gwal. Za a cinye shafi guda ana kwatanta launinta da sanyin na'urarta da ƙamshin da ke tashi a ciki, amma da an zo tuƙi sai a gama da layi ɗaya: ya tayar, ya fige ta a guje, mai gadi ya yi tsalle gefe. Kowane jarumi a fusace yake fita daga gida, kowanne kuma ƙura yake bari a baya. Ga kuma shahararriyar fitowar nan ta koyon mota, inda saurayi zai kai yarinya fili da la'asar, hannunsa ya taɓa nata a kan sitiyari, ta sunkuyar da kai, washegari sai ga ta a tsakiyar titin Zoo Road tana wuce manyan motoci. Haba jama'a! Ko ɗinkin hula ba a koyonsa a yini ɗaya.

Bari in faɗa muku abin da kuke tsallakewa, tunda na lura da yawanku ba ku taɓa tambaya ba. Injin mota in dai a kunne yake, juyawa yake yi ba tsayawa. Taya kuwa wani lokaci a tsaye take. Kuloci shi ne ɗan tsakanin da ke haɗa su ya kuma raba su. Wani faifai ne da ake matse shi a jikin babban faifan ƙarfe da ke bayan inji. In ka taka shi da ƙafar hagu sai faifan ya saki, inji ya yi ta juyinsa shi kaɗai, ka samu damar sa giya. In ka ɗaga ƙafa sai ya sake kamawa, ƙarfin inji ya tafi ga taya. Duk rigimar ɗan koyo a wuri ɗaya take, wato daidai inda faifan ya fara kamawa bai gama ba. A nan za ka ji muryar inji ta ɗan sauka, motar ta ɗan yi rawa, gabanta ya yi kamar zai ɗaga. In ka saki da sauri ta zabura ta mutu. In ka riƙe a nan kana ta zuba totur, sai ka ji ƙauri ya tashi, faifan ne yake ƙonewa, kuɗinka ne ke tafiya wurin bakanike. Babu littafin da zai sa wannan a ƙafarka. Sai ka yi, ta mutu maka sau ashirin, na baya suna ta oda, yara suna maka ihun lana, kafin wata rana ƙafar ta gane da kanta.

Giyoyin kuma kowacce da aikinta. Ta ɗaya ƙarfi gare ta ba gudu, ita ke tayar da mota daga tsaye ko ta fitar da ita daga yashi. Ta huɗu da ta biyar gudu gare su ba ƙarfi. Mai koyo dole ya saurari inji, ya san lokacin da yake kukan a ƙara masa giya da lokacin da yake kakarin a rage masa. Sai kuma babbar jarrabawa, tashi a kan hawa: ka ja birkin hannu, ka ɗago kuloci zuwa inda ya kama, ka ɗan ba ta totur, sannan ka sauke birkin a hankali, ba tare da ka sulala baya ka daki na bayanka ba. Wanda ya iya wannan ya san nauyin mota a jikinsa. Ya san ƙarfe ne mai nauyin fiye da tan guda yake ɗauke da shi a tsakanin mutane.

Yanzu ku gaya mini, a cikin duk wannan babu abin rubutawa? Kuna ta kukan labari ya ƙare, kowa yana maimaita kishiya da auren dole, ga dirama a gabanku kun ƙi ɗauka. Ku ɗauki amarya da ango a daren kai amarya, mota ta mutu a tsakiyar shataletale, batir ya yi sanyi, abokan ango da manyan riguna sun fito suna turi, direba ya sa ta a giya biyu yana jiran ta ɗauki gudu ya saki kuloci ta tashi. Wannan fitowar kaɗai ta fi rawa uku a gindin fulawa. Kuma ku lura, mota mai giya ce kaɗai ake yi wa haka. Otomatik in batirinta ya mutu, ko duk unguwa za ta taru ta tura ba za ta tashi ba, sai an nemo wani batirin.

Abin da ya fi damuna ma ba kuskuren fasaha ba ne. Yadda kuke nuna mai wannan ilimi shi ne abin takaici. Direba a fim ɗin Hausa kusan kullum ɗan ci-da-ceto ne ko wawa ko munafukin da ke kai wa Hajiya tsegumi. A littafi ko suna ba a cika ba shi ba, sai dai a ce direba ya buɗe mata ƙofa. Alhali wannan ƙasa a kan kuloci ta tashi. Kamfanin Pijo na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da barin ta. Da ita gwamna ya hau, da ita aka kai mai naƙuda asibiti, da ita aka yi jigilar Kano zuwa Legas. Kafin ita akwai 404 mai giya a jikin sitiyari, wadda akori-kurarta ta ɗauki hatsin kasuwannin ƙauye shekara da shekaru. Mutanen da suka tuƙa waɗannan motoci sun fara ne daga karen mota: wanki, ɗaure kaya, sa wejin katako a bayan taya, shekaru kafin maigida ya yarda su taɓa sitiyari. Su kuka mayar abin dariya.

Kuma kada wani ya ce mini wannan tarihi ne. Ku je tashar Unguwa Uku ko ta Kawo ku leƙa cikin motocin da ke lodi. Hayis, Sharon, Golf, J5, ku ƙirga masu feda uku. Ku dubi tifofin yashi da tankokin mai da tirelolin da ke ɗaukar shanu zuwa kudu. Ku tsallaka Nijar ku ga Hilux da Land Cruiser da ke keta sahara daga Agadas, akasarinsu da hannu ake sa musu giya. Ko a-daidaita-sahun da ta cika Kano tana da kuloci da giya, a hannun hagu. Ma'ana, duk inda tuƙi yake zama abinci a ƙasar nan, giya na nan. Yaron da ya koyi otomatik kaɗai ya iya kai kansa biki a motar babansa, amma ranar da babu motar baban, aka ce ga aikin direba a wani kamfani ko wata ƙungiya, aka miƙa masa makullin Hilux, a nan zai gane an cuce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan mai kuɗin da kuke nunawa a fim ba shi da asara. Ɗan talakan da ya kalli fim ɗin ya ɗauki girman kan, shi ne zai rasa aikin.

Akwai kuma maganar rai. Duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo a hanyar Jos ya san yadda gangara take cin mutane. Direban da ya san aikinsa ba ya dogara da birki a irin wannan wuri. Tun daga sama yake rage giya, ya bar inji ya riƙe motar, domin birki in aka yi ta taka shi a doguwar gangara zafi yake yi ya daina kamawa. Jahili kuwa sai ya sa ta a firi wai yana tattalin mai, musamman tun da aka cire tallafi a 2023 fetur ya yi tsada. Bai san cewa a motocin zamani masu injekta, in mota tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, na'urar da kanta take yanke mai ba. Wato a firi ma ya fi shan mai, ga shi ya rabu da abin da zai riƙe shi. Otomatik ma tana da ƙananan giyoyi don irin wannan wuri, waɗannan L da 2 da ke ƙasan D. Ku tambayi masu otomatik goma amfaninsu ku ji amsar da za ku samu. Wanda ya fara da mai giya ba sai an yi masa bayani ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce duniya ta ci gaba, kuma gaskiya ne. Otomatik ba baƙuwa ba ce, tun 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da ita ga jama'a a motocin Oldsmobile. Ta zamani ba ta fi mai giya shan mai ba kamar ta da. Motar lantarki ma ba ta da kuloci sam. Wanda ya taɓa kwana a gosulon Kofar Ruwa ko na Mararraba yana taka kuloci har gwiwa ta yi tsami ba zai zagi otomatik ba. Ga dattawa, ga masu lalurar ƙafa, waɗanda ta zame musu rahama. Ni ban ce kowa ya sayar da motarsa ya nemo Pijo ba. Hau abin da Allah ya hore maka. Abin da na ce shi ne koyo daban, hawa daban. Wanda ya iya mai giya, cikin minti goma zai saba da otomatik. Wanda ya iya otomatik kaɗai, in aka ba shi mai giya ko daga get ba zai fita ba. Turawan Ingila da kuke kwaikwayo sun san da haka, shi ya sa a can in ka ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinka na otomatik ne kawai, doka ba ta yarda ka tuƙa mai giya ba sai ka sake jarrabawa.

Mu a nan muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, wadda Wole Soyinka, marubuci ɗan'uwanku, ya fara shugabanta. A ƙa'ida sai mutum ya kai shekara 18 ya kuma bi ta makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita kafin a ba shi lasisi. Amma kowa ya san akwai masu lasisi a aljihu da ba su taɓa zama gaban mai jarrabawa ba. Wasu makarantun kuma sun gane inda kasuwa take, sun ajiye tsohuwar mai giyar a gefe, suna zagaya fili da ɗalibi a otomatik na 'yan kwanaki su karɓi kuɗi su sallame shi. Iyaye na murna wai yaro ya iya mota da wuri. In aka yi magana sai a ce ai haka ake gani a fim.

Saboda haka ga buƙatata, kuma ba mai tsada ba ce. Kai marubuci, ke marubuciya, kafin ku sake sa jarumi a bayan sitiyari, ku je tasha ku zauna da direba na awa biyu, ku saya masa shayi, ku tambaye shi yadda ake tashi a kan hawa da lodi. Kai darakta, in jaruminka bai iya mota ba, kada ka ɗora shi a kan titi da kyamara a gefe da mutane a gaba. Ka samo mai tuƙa masa, ko ka tura shi ya koya kafin a fita lokeshan, kamar yadda kake tura shi koyon rawa. Kuɗin da ake kashewa wajen aron babbar mota ta yini ɗaya don a burge 'yan kallo ya isa a biya wa jarumai biyu makarantar tuƙi, har a rage na man da za su ƙona suna koyon ribas.