Malam, Wannan Kashi 87 Bai Kai a Yi Masa Guɗa Ba

Malam, na karanta sharhinka na yabon makarantun sakandaren Amurka. Hujjarka ɗaya ce: masu kammalawa cikin shekara huɗu sun tashi daga kashi 79 cikin ɗari a 2011 zuwa 87 a 2020. Alƙaluman gaskiya ne. Sai dai ka tsaya a bakin ƙofa, ba ka leƙa cikin gidan ba.

Jihohi ne ke tattara wannan lissafi su miƙa wa gwamnatin tarayya, su ne kuma ke shan yabo ko zargi a kansa. Wa zai kai ƙarar kansa? A 2016 hukumar ilimi ta Alabama, jihar da ake ta yi wa kirari a lokacin, ta amsa cewa ta kumbura alƙalumanta, har da ƙirga masu wata takardar shaida da ba ta cika sharaɗi ba. A birnin Washington kuwa, bayan wata badaƙala a makarantar Ballou, bincike ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban da makarantun gwamnatin birnin suka yaye a 2017 an ba su takarda ne ba bisa ƙa'ida ba. Wasunsu ma sun fi wata uku ba su shiga aji ba.

Ka kuma tsallake giɓin. A 2020 ɗin da kake tinƙaho da ita, farar fata kashi 90 suka kammala, baƙar fata 81, 'yan asalin ƙasar kuwa 75. Su waɗannan, a wane sakin layi ka ajiye su?