Zauren Iyali: Tsohuwar Mota Mai Dogon Zango, Nawa Ce Darajarta?

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto mana cewa ya ga wata Peugeot 504 a bakin titi kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, an ɗora mata galan a ka, watau alamar ta sayarwa ce. Tun yana yaro yake ƙaunar irin wannan mota. Agogonta ya nuna ta ci kilomita 280,000. Uwargidansa ta ce wahala zai sayo da kuɗin makarantar yara, shi kuwa ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Yana so mu raba gardama.

Ba mamaki mutum ya so 504, wadda muke ce wa Fijo. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta kuma ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna, inda aka yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yinta a Faransa. Gwamna ya hau ta, malamin makaranta ya hau ta, ɗan tasha ya yi lodi da ita. Amma sunan mota dabam, lafiyar wadda ke gabanka dabam.

Da fari dai, kada ka ba agogo gaskiya shi kaɗai. Agogon tsofaffin motoci da yawa lamba biyar gare shi, in ya kai 99,999 sai ya koma farko kamar sabo. Akwai kuma masu mai da shi baya da gangan. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa ya fi kilomita ɗaya da rabi, saboda haka mil 100,000 ya kai kilomita 160,000. Shaidun da ba su iya ƙarya su ne robar da ke kan birki da kulochi, da santsin sitiyari, da yadda kujerar direba ta lotsa. In agogo ya ce kilomita 60,000 amma robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, ka san wanda za ka gaskata.

Sa'an nan ka tambayi inda aka ci wannan tafiya, gama ba dukan kilomita ne ɗaya ba. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Motar da ke zuwa ta dawo kullum, kwana 300 a shekara, za ta ci kilomita 138,000. Duk da haka injinta yana yin zafi daidai, yana tafiya bai ɗaya, ba a yawan taka kulochi. Wadda kuwa take yini tana tsaye-tsaye tsakanin Ƙofar Nasarawa da Sabon Gari, a tayar a kashe, tana iya tsufa da rabin wannan lissafi. Mota mai dogon zango da aka riƙa canza wa baƙin mai a kan kari ta fi mai gajeren zango da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Ka je ganin mota da sassafe, tun injin yana da sanyi. In ka tarar an riga an ɗumama ta, ka ce za ka dawo gobe, domin inji mai ciwo da safe yake tona kansa. A tayar, kai kuwa ka tsaya a baya ka dubi salansa. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, ringi sun gaji. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa yana nuna ruwa yana shiga inji. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, sau da dama gyaran kafireto ya isa. Ka buɗe murfin baƙin mai. In ka ga abu kamar kunu a jikinsa, ruwa da mai sun gauraya, aikin kuwa babba ne. Ka bar ta tana aiki ka ga ko lagireto zai tafasa, gama zafin bazarar Kano ba ya yafe wa inji.

Bodi ya fi inji muhimmanci ga tsohuwar mota. Inji ana saukewa a gyara ko a sa wani, amma ƙarfen da ya ruɓe ya ruɓe. Busasshiyar iskar arewa tana kiyaye ƙarfe. Motar da ta zauna a bakin teku kamar Ikko, ko ’yar Kwatano da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, tsatsa tana cinta daga ƙasa. Ka ɗaga tabarmar ƙasa, ka leƙa ƙarƙashin but da gindin ƙofofi. Ka bi jikinta da ɗan maganaɗisu; inda ya ƙi kamawa, ciko aka yi aka shafe da fenti. Sa'an nan ka hau ta tare da makanikinka, ba wanda dillali ya kawo ba, ku saurari giya, ku gwada birki, ku ga ko tana ja gefe ɗaya.

Takardu kuma ba abin wasa ba ne. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke rubuce. In motar daga waje ta shigo, ka ga takardar kwastan da idonka. Mai cewa zai kawo takardu daga baya cinikin biri a sama yake so ka yi.

To, yaya za a yanka kuɗi? Ka binciki farashin irinta mai cikakkiyar lafiya. Ka rubuta duk abin da makaniki ya ce sai an canza, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ka ji kuɗin kowane ɗaya, ka haɗa da ladan aiki. Ka cire wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne darajar motar. Sha'awarka ba ta cikin lissafi, kuma in mai sayarwa ya ga ta a fuskarka, kai za ka biya ta. Ka tuna kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, shan man tsohon inji mai kafireto ya zama nauyi na kowane mako.

Game da gardamar mai gida da uwargida, amsarmu ita ce kilomita 280,000 kaɗai ba su isa a ƙi mota ba, amma kuɗin makaranta ba na sayen mota ba ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar mota lalle za ta nemi gyara. Wanda zai iya biyanta, ya kuma ajiye wani abu domin gareji ba tare da tukunyar gida ta ji ba, ya saya ya more. Wanda ba zai iya ba, ya yi haƙuri tukuna. Ku zauna ku biyu da takarda da fensir kafin a kira dillali.

Wata mai zuwa za mu duba yadda ake gane taya mai kwanan wata da ya wuce. Allah ya kiyaye hanya.