Zauren WhatsApp Ba Littafin Ciniki Ba Ne

'Yan kasuwar Arewa mazauna Ikko da Badun sun mai da WhatsApp rumfar shawara. Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 yakan ji motar da ta taso daga Kano ta wuce Jebba tun yana kan shimfiɗa. Wannan ci gaba ne, babu mai musu.

Amma fa da sauran gyara. Zaure guda yana ɗaukar mutum 1,024, saboda haka cinikin kwando ɗari yakan nutse tsakanin sanarwar ɗaurin aure da gaisuwar Juma'a. Galibin maganar ma da murya ake aikawa. To, ran da rigima ta tashi kan kuɗin mota, wa zai zauna ya saurari saƙonnin wata uku? Wanda ya yi alkawari kuwa yana iya goge maganarsa washegari. Ran 4 ga Oktoba, 2021 ma, WhatsApp ya tsaya cik wajen awa shida a duniya baki ɗaya.

Kamfanoni sun ga wannan aibi tuntuni, shi ya sa suke aiki da irin su Trello, inda kowane aiki ke da katinsa, da sunan mai yinsa, da ranar gamawa. Ba dole fatake su koma can ba, dabarar kawai za su ɗauka. Kamata ya yi kowace ƙungiya ta ware zauren ciniki daban da na zumunci, magatakarda ya riƙa shigar da lambar mota, sunan direba, yawan kaya da la'ada cikin littafi kowace yamma, shugaban 'yan kasuwa ya sa hannu.